Dambe, Kokawa da Ƙashin Ɗan Adam: Darasi Daga Tarihin Kudancin Kano



Gabatarwa

Lokacin da aka ba ni goron gayyata in gabatar da wannan lacca, na kuma faɗi abin da zan yi magana a kansa, sai wani abokin aikina ya tambaye ni cikin raha, wai me ya haɗa malamin Hausa da ƙashi, alhali shi ba mahauci ba ne, ba kuma maɗori ba. Na ce masa dambe da kokawa ne suka haɗa mu, domin su al'ada ne, al'ada kuwa gonata ce. Sai dai ita wannan al'ada da jiki ake yin ta, jiki kuma a kan ƙashi yake tsaye. Wanda ya yi nazarin kiɗan ɗan dambe da kirarinsa, amma bai taɓa tambayar yadda hannun nan da ake wa kirari yake ƙarewa bayan shekara ashirin ba, to lalle rabin aiki ya yi.

Tambayar da nake so mu duba ita ce: shin waɗannan wasanni gina ƙashi suke yi ko rushe shi? Amsar da zan kawo ita ce suna iya yin kowanne, kuma abin da ke raba tsakani shi ne shekarun da aka fara, da abincin da ake ci, da hutun da ake ba jiki. Zan yi ƙoƙarin nuna cewa tsohon tsarin ƙauyukanmu ya tanadi waɗannan abubuwa ba tare da wani ya rubuta su a matsayin doka ba, sa'an nan sauye-sauyen shekara hamsin ɗin nan da suka wuce sun warware mafi yawansu. Na zaɓi ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa su zama madubinmu, domin a wani ƙauye na wannan yanki na tashi, a dandalinsa kuma aka fara kai bayana ƙasa.

Ƙashi a bakin Bahaushe

Bari mu fara daga harshe. Ina roƙon wanda zai buga wannan lacca ya kula da lanƙwasar nan ta harafin ƙ, domin idan ya yar da ita zai sa ni yin magana a kan abin da ban yi niyya ba.

Bahaushe yakan ce wane yana da ƙashin arziki, wane kuwa ƙashin tsiya ne da shi, watau ya ɗauki ƙashi a matsayin mazaunin rabon mutum. Yakan ce noma shi ne ƙashin bayan ƙasa. Kalmar karaya ma ba a hannu da ƙafa kaɗai ta tsaya ba, akwai karayar arziki da karayar zuciya. Amma maganganun da suka fi shafar laccarmu su ne waɗanda iyayenmu suke yi game da yara. Sukan ce ƙashin yaro ɗanye ne, shi ya sa yake saurin haɗewa idan ya karye. Sukan ce kada a ɗora wa wane wannan aiki tukuna, ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Wanda ya ce abu ɗanye ne, ya kuma ce yana yin ƙwari, to ya san abin nan yana da rai, yana kuma da lokacin ƙosawa kamar dawa a gona. Daɗin daɗawa, harshenmu ya bambanta karaya da tsagewa, ya bambanta gocewar ƙashi da targaɗe. Al'umma ba ta rarrabe abu haka sai ta daɗe tana ganinsa.

Ƙasar da wasanninta

Kudancin Kano shi ne sashen da ya fi samun ruwan sama a jihar. Damina takan sauka wajen watan Mayu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba. Ƙasa ce ta dawa da masara da shinkafa da rake, ga dajin Falgore da maharbansa da makiyayansa, ga kuma duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Ita ce kuma ƙofar Kano ta kudu. Bature matafiyi Hugh Clapperton ya bi ta Bebeji a watan Yuli na 1826 a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya same ta babban gari mai ganuwa da hada-hadar ciniki. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi sarauta daga 1855 zuwa 1882, hare-haren Ningawa sun addabi kudanci da gabashin masarautar, har ya zama manomi yana noma yana waiwaye. Ranar 1 ga Fabrairu 1903 kuwa, a ƙofar Bebeji rundunar Kanar Morland ta fara gamuwa da turjiya, kwana biyu kafin ta ci birnin Kano. Mutanen da suka zauna a irin wannan bakin iyaka ba za su ɗauki ƙarfin samarinsu da wasa ba. Ba mamaki ke nan da kalmomin dambe suka zama na fagen fama: hannun da aka naɗe shi ne mashi, wanda aka miƙa gaba shi ne garkuwa, wanda kuma hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa sai a ce an kashe shi.

Shi wannan Clapperton, a zuwansa Kano na farko cikin 1824, ya nemi a nuna masa dambe, ya kuma rubuta abin da ya gani. Mahauta ne suka zo da makaɗansu, kowane ɗan dambe an naɗe masa hannun dama da ƙyalle, kuma Baturen ya hana su yi da gaske domin an gaya masa akan rasa rai. Wannan bayani ya kai shekara 200, amma wanda ya karanta shi yau zai gane wasan nan take.

A nan ya kamata mu raba dambe da kokawa. Dambe a asali wasan mahauta ne da rundawa, waɗanda kan bi ƙauyuka da kaka suna yanka dabbobi a wuraren bukukuwa, da yamma kuma a kafa fage, kalangu na tashi. Ita kuwa kokawa ta kowa ce, musamman manoma. Akwai kuma sharo na Fulani da wasan 'yan tauri na mafarauta, amma ba su ne abin maganarmu a yau ba.

Abubuwa biyu nake so mu riƙe game da tsohon tsarin. Na farko shi ne lokaci. Ba a kafa fage da damina, domin kowa yana gona. Sai an yi girbi, rumbuna sun cika, Fulani sun sauko da shanu cin karan gona, nono ya wadata, sa'an nan a ji ganga. Kafin ruwa ya sake sauka kuwa an watse, kowa ya koma gyaran garma. Na biyu shi ne tsani. Yaro ba ya farawa da naushi. Da langa yake farawa, da tsere, da hawan bishiya, da kokawar yashi a bakin rafi wajen kiwo. Idan ya zama saurayi ya shiga dandali da farin wata, sa'a da sa'a ake haɗawa, kuma akwai manya a gefe da za su ce wane ya fi ƙarfin wane, a raba su. Mashi kuwa ba a naɗa wa yaro shi sai an ga ya ƙosa. Na tarar da ragowar wannan tsari da idona ina yaro, na kuma sha jin dattawa suna korar ɗan shekara goma sha uku daga fagen manya, suna cewa ya je ya ƙara cin tuwo.

Abin da likitoci suka gano

Yanzu sai mu ajiye wannan tsari a gefe, mu ji abin da ilmin likitanci ya ce, sa'an nan mu gwada su.

Baligi yana da ƙasusuwa 206 a jikinsa. Ko da yake a ido ƙashi kamar dutse yake, a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ba sa barin aiki, ɗaya tana rushe tsohon ƙashi, ɗayar tana bin bayanta tana cike gurbin da sabo, kamar dai yadda ake yi wa gidan ƙasa yaɓe kowace shekara. Ta haka ake sabunta kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙashin baligi a shekara. A 1892 wani likitan Jamus mai suna Julius Wolff ya wallafa littafi a Balin inda ya nuna cewa ƙashi yana sake siffarsa da ƙarfinsa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Inda ake jibga masa aiki sai ya yi kauri, inda aka bar shi ba aiki sai ya zaizaye. Hujja mafi bayyana a zamaninmu ita ce ta 'yan sama jannati, waɗanda kan rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na ƙashin ƙugunsu a kowane wata da suka yi a sararin samaniya, domin can babu nauyin da jiki zai ɗauka.

A 1977 wasu likitoci a Amurka suka ɗauki hoton damatsan ƙwararrun 'yan wasan tanis, suka gwada hannun da ke riƙe sandar wasa da ɗaya hannun. Sai suka tarar bangon ƙashin hannun wasa ya fi na ɗayan kauri da kimanin kashi 35 cikin 100 ga maza, kashi 28 ga mata. Mutum ɗaya ne, jini ɗaya, abinci ɗaya, aiki kawai ya bambanta hannuwan. A 1995 masana a ƙasar Finlan suka ƙara gano cewa matan da suka fara irin wannan wasa kafin balaga sun samu ribar da ta ninka ta waɗanda suka fara daga baya sau biyu zuwa huɗu. A 2001 kuma wani nazari a Italiya ya gwada 'yan judo da 'yan karate da masu wasan ƙwallon ruwa, ya samu ƙashin masu faɗan ya fi na masu wasan ruwa cika, ko da yake dukkansu ƙarfafa ne. Dalili shi ne ruwa yana ɗauke wa jiki nauyi, shi kuwa ɗan judo kullum yana ɗaga mutum, yana turjewa, yana faɗuwa, yana tashi. Judo kuwa, in an duba, 'yar uwar kokawarmu ce. Wanda ya tsara ta a Japan cikin 1882 ma sunansa Jigoro Kano, ko da yake ba mu da labarin ya haɗa dangi da mutanen Dala.

Daga waɗannan bincike za mu ɗauki darussa biyu. Ɗaya, ƙashi ya fi amsa aiki mai ƙarfi wanda ke zuwa masa ta fuskoki dabam-dabam a ɗan gajeren lokaci, kamar tsalle da ɗagawa da ja-in-ja, fiye da aiki mai sauƙi da ake maimaitawa yini guda. Biyu, lokacin tara ƙashi shi ne ƙuruciya. Mafi yawan abin da mutum zai mallaka yakan tara shi ne kafin ya cika shekara 20, zuwa shekara 30 rumbun ya gama cika, daga nan sai ɗiba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ashe langa da kokawar yashi da muke yi a bakin rafi ajiya muke yi wa tsufanmu ba mu sani ba.

Akwai darasi na uku, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci. Aiki mai ƙarfi yakan bar 'yan tsage-tsage a cikin ƙashi waɗanda ido ba ya gani. Rushe wurin da ya tsage ba ya wuce makonni, amma cike shi da sabon ƙashi yakan ɗauki watanni, zagayen duka yakan kai wata huɗu zuwa shida. Idan aka ci gaba da dukan wuri ɗaya kafin gyara ya kammala, tsagar sai ta haɗu da 'yar uwarta, har ta zama karaya. Tun 1855 wani likitan sojan Jamus ya bayyana wannan ciwo a ƙafafun sojojin da ake sa wa doguwar tafiya ba hutu. To, ku lissafa tsawon daminar kudancin Kano, daga Mayu zuwa Oktoba. Gaskiya ne manomi ba hutawa yake yi da damina ba, garma tana ci gaba da ƙarfafa masa baya da damtse. Amma dunƙulen hannunsa da muƙamuƙinsa da haƙarƙarinsa sun samu wata biyar ko shida ba a doke su ba. Kakanninmu ba su shirya haka domin ƙashi ba, gona ce ta tilasta musu, amma ƙashi ya amfana.

Inda ɓarnar take

Kada mu yi zaton alheri ne zalla. Hannun mutum ƙasusuwa 27 ne, an kuma tsara shi ne domin riƙo da sarrafa abu. Ƙasusuwan bayan hannu sirara ne, kuma wanda ke bin ƙaramin yatsa yana yawan karyewa wajen naushi, har likitoci suka sa wa wannan rauni suna karayar ɗan dambe. A wuyan hannu, gindin babban yatsa, akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi wanda jini ba ya isarsa sosai. Idan ya karye sau da yawa akan ɗauka targaɗe ne, a murza a bari, shi kuwa ya ƙi haɗewa, bayan shekaru wuyan hannun ya sandare. Naɗin zare yana mai da hannu kamar dutse ga wanda aka doka, saboda haka hanci da muƙamuƙi da kewayen ido da haƙarƙari su ne ke biyan bashin. A kokawa kuwa ɓarnar daga faɗuwa take zuwa. Wanda ya tokare ƙasa da hannu a miƙe yakan karye a wuyan hannu ko gwiwar hannu ko ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa, wanda kuwa aka soka kansa ƙasa yana iya karya wuya, wannan kuma ba a cika tashi ba.

Abubuwa uku ba sa bin dokar Wolff, kuma ya kamata kowane mai horar da yara ya san su. Na farko guringuntsin gaɓa, wanda idan ya cinye ba ya komawa yadda yake, shi ya sa tsofaffin 'yan wasa ke fama da amosanin gaɓɓai. Na biyu mahaɗar girma, watau wani faifan guringuntsi da ke kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro, inda tsawo ke fitowa. Wannan wuri ya fi sauran ƙashin rauni, ba ya rufewa sai bayan balaga, idan kuma ya lalace hannu ko ƙafa na iya gajarcewa ko karkacewa har abada. Dattijon da ya kori yaro daga fagen manya wannan wuri yake karewa. Na uku ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai ba ya hana ta girgiza a cikinsa, duka kuma ba ya ƙara mata ƙarfi. Tun 1928 likita Harrison Martland ya bayyana yadda tsofaffin 'yan damben Amurka ke komawa tafiya kamar masu maye, harshe ya yi nauyi, hannu yana rawa. Duk wanda ya san tsofaffin 'yan dambenmu ya san wannan kama.

Tuwo kafin fage

Magini ba ya gini sai da ƙasa. Ƙasar ginin ƙashi ita ce sinadarin kalsiyam, wanda kashi 99 cikin 100 na abin da ke jikin mutum a ƙashi da haƙora yake. A 1999 likita Tom Thacher da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a Jos a kan yara 123 masu ciwon laushin ƙashi, wanda ke sa gwame da lanƙwashewar ƙafa. A Turai rashin hasken rana ke kawo wannan ciwo, mu kuwa rana ba ta yi mana rowa ba. Abin da suka tarar shi ne yaran kimanin miligiram 200 na kalsiyam suke samu a yini, kuma da aka ba su shi sai ƙashinsu ya warke fiye da na waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Saurayi mai tasowa kuwa yana bukatar abin da ya kai miligiram 1,000 zuwa 1,300. Jos ba nisa ce da mu ba, hanyar da ta ratsa Tudun Wada da Falgore can ta nufa, tuwonmu kuma ɗaya ne. Masara da dawa da shinkafa suna cika ciki, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Inda yake shi ne nono da kindirmo, da kuka da zogale, da riɗi, da ƙananan kifin da ake ci har ƙaya, irin wanda masuntan Tiga ke kamawa. Romon ƙashi, duk da sunansa, ba shi da yawansa. Yaron da ake sa wa horo mai tsanani a kan tuwo da miya tsararo, ƙashinsa ci ake yi ba gini ba.

Yadda tsarin ya warware

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuma a zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, aka kammala ta a 1974. Noman rani ya bunƙasa, kwalta ta haɗa ƙauyuka da birni, makarantun firamare suka yawaita bayan shirin ilmi kyauta na 1976. Duk waɗannan alheri ne, amma sun sake wa shekara fasali. Rani ya daina zama lokacin wasa kaɗai, dandali ya yi sanyi, daga baya gidan kallo da wayar hannu suka ƙarasa kwashe yaran. Ta haka matakin farko na tsanin nan, watau langa da kokawar yara, ya fara ruɓewa.

Shi kuwa dambe sai ya yi ƙaura zuwa birni, ya zama sana'a. Aka kafa gidajen dambe da ake shiga da kuɗi, kamar na Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano da na Dei-Dei a Abuja, inda 'yan Kudu da Jamus da Guramaɗa ke karawa. Ana sa babur da mota, ana ɗaukar wasa a ɗora a YouTube duniya ta gani. Ba mahauta kaɗai ke yi yanzu ba, duk saurayin da ya ji ƙarfi kuma ba shi da abin yi yana iya shiga. Ba na ƙyashin kowa ya ci abinci da ƙarfinsa, wasu masu shirya gasa na zamani ma sun kawo gyara, suna haɗa 'yan wasa bisa nauyinsu, suna ajiye ma'aikacin lafiya a bakin fage. Amma wanda abincinsa ya dogara ga naɗa hannu ba shi da damina. In ban da watan azumi da galibi akan dakata, shekararsa duk kaka ce.

Sa'an nan ga ƙwaya. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018, tare da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 suna shan miyagun ƙwayoyi, miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe zafi irin su taramol suke sha ba bisa umarnin likita ba. Fagen dambe bai tsira daga wannan annoba ba. Hausawa sun ce jiki magayi. Zafi shi ne ɗan saƙon da ƙashi ke aikowa ya ce a dakata, ina gyara. Wanda ya kashe ɗan saƙon ya naɗe tsagaggen hannu ya shiga fage, to shi ne ke mai da ciwon mako shida ya zama nakasar shekara arba'in.

Maɗori da likita

Idan an karye, wa ake fara nema? A ƙauyukanmu maɗori ne, dā da yanzu. Yana kusa, an san gidansu, ba ya tsawwala kuɗi, kuma karaya da yawa sun warke a hannunsa. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, yana birni, daga dajin Falgore zuwa can kusan kilomita 150 ne, Riruwai kuwa tana gaba. Saboda haka zagin maɗora ba zai rage musu ciniki ba, bai kuma dace ba.

Amma akwai inda ɗori ke kai mutum ya baro. Muna 'yan shekara goma sha biyu wani abokina ya faɗi a kokawa, ya karye sama da gwiwar hannu. Aka jera masa karare aka ɗaure tamau. Da dare ya yi ta kuka, manya suka ce ɗori ne ke kamawa, ya yi ta maza. Da aka kwance bayan kwana uku yatsun sun riga sun ƙanƙance, har yau kuma hannun nan ba ya riƙe fartanya. Sai da na girma na karanta cewa likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana wannan nakasa tun 1881. Gaɓar da ta karye kumbura take yi, idan ɗauri ya hana ta wuri sai jini ya yanke, cikin kimanin sa'a shida tsoka ta fara mutuwa. Likitocin ƙashi na ƙasar nan sun sha rubuta cewa irin wannan ɗauri yana cikin manyan dalilan yanke wa yara hannu da ƙafa. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne: zafi yana ƙaruwa maimakon ya ragu, yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun sake launi, ko sun daina ji. Wanda ya ga haka ya kwance ɗaurin nan take, ya nufi asibiti. Haka kuma karayar da ƙashi ya huda fata, da wadda ta shiga gaɓa, da ta wuya ko gadon baya, duk ba na gida ba ne.

Kammalawa

Shugaban taro, ba ina kira a koma zaman jiya ba ne, ba kuma ina kira a hana wasa ba. Abin da gona ta tilasta wa kakanninmu, mu sai mu yi shi da sani. Ga ma'aikatan ilmi, ina ba da shawara a mai da langa da kokawa cikin wasannin makarantun firamare, a kan yashi, sa'a da sa'a, a kuma fara koya wa yaro yadda ake faɗuwa kafin a koya masa yadda ake kayarwa, kamar yadda malaman judo ke yi. Ga ma'aikatan wasanni da na ƙananan hukumomi, kada a ba da izinin kafa fage sai da sharaɗin ba a naɗa wa wanda bai kai shekara 18 ba hannu, wanda aka sumar ko ya ji ciwo a ƙashi kuma a rubuta sunansa, a hana shi shiga sai likita ya sallame shi. Ga ma'aikatan lafiya, a kira maɗoran kowace gunduma a zauna da su cikin mutunci, a nuna musu alamomin haɗari, a buɗe musu ƙofar turo marar lafiya ba tare da an ci musu fuska ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga ɗalibanmu kuwa, ga aiki a ƙofar gida. Ɗan dambe mutum ne mai mashi ɗaya da garkuwa ɗaya, kamar ɗan tanis. Ɗalibin Hausa da ɗalibin likitanci su haɗa kai su je Ƙiru da Bebeji, ɗaya ya ɗauki tarihin tsofaffin 'yan wasa daga bakinsu, ɗaya ya auna hannuwansu biyu, tun dattawan nan suna raye.